Shafin Talata

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Malama ta ce shafi ɗaya kullum, ko ana ruwa ko ana iska. To ga shi na dawo. Jiya Laraba ban zauna ba balle in riƙe fensir. Talata kuwa na bar mata shafinta fari, zan cike daga baya.

Dokar Malama ce in yi rubutu kamar mai karantawa bai san kowa ba. To, Malama jikata ce, 'yar babban ɗana, shekararta sha tara, tana makarantar koyon jinya. Ita ta koya mini rubutu bara waccan a kan bencin nan na rumfata ta gyaran takalma. Ban taɓa shiga aji ba, kuma ban mutu ba. Ita ta nace. Ta ce, "Tsoho, shekara hamsin kana ɗinke wa gari takalma, ko sunanka ba ka iya sa wa a jikin rumfa ba? Ni fa ba zan auri jahili ba." Na ce wa ya gaya miki ina ciki, da ƙafafunki kamar sillen kara? Tun daga ranar ni ne Ɗalibi, ita ce Malama. Duk Asabar takan karɓi littafin nan ta duba da jan biro.

Wannan Asabar ba mai dubawa. Tana asibiti, ɗaki na huɗu a sama. Mota ta buge ta ran Talata a titin gaban rumfata. Ƙafar hagu ta karye wuri biyu, kai kuma ya bugu. Ba ta farka ba. Likita ya ce a jira. Abin da suka yi karatun shekaru suka iya ke nan, a jira.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Laifin titin nan ne. Na faɗa, na faɗa, har bakina ya gaji.

Da can titi ne na mutunci, direbobi na wucewa suna ɗaga wa juna hannu. Da aka faɗaɗa shi aka kwashe tudu biyun da ke sa mota taka birki ko ba ta so. Farin zanen tsallakawa sau ɗaya aka shafa, ranar da manya za su zo buɗewa, damina guda ta wanke shi. Ko dakali ba su yi a tsakiya ba, inda mutum zai tsaya ya ja numfashi. Sai suka kafa gadar sama can bayan gidan mai, matakala sittin da biyu, da gwiwata na ƙirga. Wa zai yi wannan tattaki don ya sayi ashana? Awaki kaɗai ke hawanta.

Sau uku ina zuwa ofishin masu titi. Na farko wai oga ya fita. Na biyu wai in rubuto, lokacin ban iya ba. Na uku na kai musu rubutu da hannuna, wanda ya karɓa ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba.

Waya kuma. Ni daga ƙafa nake sanin mutum. Da, takalmi daga dunduniya yake cinyewa, don mai shi na tafiya kai a sama. Yanzu duk wanda aka kawo mini hancinsa ne ya ɓare. Tuntuɓe. Mutane na tafe kamar kaji masu tsintar tsaba. Yau kafin shayina ya huce mutum goma sha ɗaya suka tsallaka kai a sunkuye. A wurin. Daidai wurin. Ko yashin da aka zuba a kan jinin bai gama sharewa ba.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Ba ta farka ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Takalminta na hagu yana wurina. A bakin kwalbati na tsince shi bayan an watse. Maɗaurin ya tsinke, hancin kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na naɗe shi a tsumma na tura ƙarƙashin benci.

Injiniya sai kallona yake yi. Shi ne maƙwabcin rumfata, mai gyaran waya, ƙaton mutum mai tumbi. Ba injiniyan komai ba ne, shi ya raɗa wa kansa. Shekara shida ke nan da ya zo ya cinye mini rabin inuwar bishiya, ya kafa akwatin kiɗa daidai kunnena. Sau nawa muka yi faɗa? Tun Talata ya kashe kiɗan, ba wanda ya roƙe shi. Ɗazu ya miƙo mini shayi, na ce na ƙoshi. Ban son shayin mutumin da ke kallona haka.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Direban ya zo asibiti dubiya. Motar burodi yake ja. Na ɗauka zan ga wani ɗan ƙwaya, sai ga dattijo da furfura, riƙe da ledar lemon da ya kawo.

Akawu ne ya tare shi a baranda. Akawu shi ne babban ɗana, uban Malama, a gidansa nake zaune. Ba na kiran sunansa, tun da ya samu aikin ofis nake ce masa haka. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoronsa.

Direba ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, na gan ta tun daga nesa. Ta duba hagu ta duba dama, ta shigo da saurinta. Na ga za ta wuce sarai, na saki birki. Sai ta tsaya cak. Ta dubi waya, ta kai kunne."

Akawu ya ce, "A tsakiyar titi?"

"A tsakiyar titi."

"Wa ya kira ta?"

Direba ya buɗe hannuwa. Ina zai sani?

Akawu ya juyo wurina. "Baba, kai da kake zaune a bakin titin, ba ka ga komai ba?"

Na ce ɗinki nake, kaina a sunkuye.

Lahadi, hantsi

Surukata, uwar Malama, ta ce tun shekaranjiya suke kiran wayata a kashe. Na ce ta ɓata. Ta ce ikon Allah, a ina? Na ce in na san inda take ai ba ɓata ta yi ba.

Ni daman ban nemi waya ba. Akawu ne ya ɗora mini ita bayan na zame a banɗaki. Wata uku tana cikin kwalinta. Malama ce ta fito da ita ta ce, "Ba sai ka koyi komai ba, Ɗalibi. Ka ga lamba ɗaya? Danna ka riƙe. Ni ce."

Akwai ranar da na danna sau huɗu ba ta ɗauka ba, wai tana aji. Kwana uku ban amsa gaisuwarta ba, ban rubuta ko harafi ba. Na ce mata, tsoho bai kiran mutum don wasa, wata ran kiran ƙarshe ne. In na kira ki, ki ɗauka ko a bakin zaki kike. Ta yi dariya, na ce ba dariya, rantse. Ta rantse. Daga ranar ko sau biyu ba ta bari ta yi ƙara.

Yarinya ce mai jin magana. Ban san me ya kawo wannan zance ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ta buɗe ido. Ta rufe. Nas ta ce alama ce mai kyau.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Wata mata da goyo ta sako ƙafa a titi, igiyar waya a kunnuwa biyu, tana dariya ita kaɗai kamar mai taɓin hankali. Ban san lokacin da na tashi ba. Na riƙe mata gefen mayafi na ce, ke, ɗaga kanki! Ta fizge ta ce, "Baba, lafiya? Ina ruwanka da ni?" Mutane suka tsaya kallo. Na koma benci. Sau shida na nemi ramin basilla da zare ban samu ba.

Talata, sha biyu saura

Na rufe rumfa. Ba na son sha biyu da rabi ta same ni a nan.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ta yi magana! Ruwa ta fara nema. Ta kalli uwarta, ta kalli ubanta, idonta ya zo kaina ya tsaya. Murya can ƙasa kamar ta sauro ta ce, "Ɗalibi. Ka yi aikin gida?" Uwarta ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Na ce ke da kika kwanta kwana takwas kina cin albashin banza, ke ce da tambaya?

Akawu ya bari sai da ta sha ruwan. Sannan ya ja kujera kusa da gado ya ce, "Mamana, wa ya kira ki ranar?"

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Ta daɗe. Ta ce, "Ban tuna ba, Abba."

Likita ya ce haka bugun kai yake yi, wani abin ya dawo, wani ya tafi ke nan.

Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, ban san wanne ya fi yi mini daɗi ba, farkawar ko mantuwar.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Abu biyu yau, ba mai daɗi.

Da safe Akawu ya tsaya a rumfa kafin ya wuce ofis. Ba wurina ya zo ba. Ya fito da wayar Malama daga aljihu, gilashinta ya yi ratsa-ratsa kamar saƙar gizo, ya ajiye a teburin Injiniya. Ya ce, "Ka tashe ta. Lambar ƙarshe kawai nake son gani." Injiniya ya juya ta, ya juya ta, bai kalle ni ba, wannan karon kaɗai bai kalle ni ba. Ya ce irin gilashin nan sai an aiko daga nesa, zai ɗau kwanaki.

Na biyu, makarantarsu ta aiko takarda. In uba ya sa hannu kafin Juma'ar sama, za su ajiye mata gurbinta har ta warke. In bai sa ba, a ba wani. Akawu ya karanta, ya ninke, ya tura ƙarƙashin agogon falo.

Gwaggonta ce ta hura wutar, 'yata ta biyu, mai baki kamar reza. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, ita an gaya mata akwai wani mai mota da ke sauke 'yan makarantar nan. Wa ya gaya mata? An dai gaya mata. Akawu ya ce, "Yarinyar da za ta tsaya tsakiyar titi saboda kiran wani, wannan wanin ba ƙaramin wani ba ne. Ba mantuwa ta yi ba, ɓoyewa take. Ba zan sa hannu ba sai na san wanda ya fi ranta a wurinta. In ba haka ba, ba waya, ba makaranta, ta zauna a gida inda nake ganinta."

Sai na ji bakina yana cewa, ai na sha faɗa muku wayar nan sai ta cinye 'ya'yan mutane.

Akawu ya ce, "Ashe gaskiyarka ce, Baba."

Shekara goma nake jiran ya faɗi wannan kalma. Kamar na tauna maɗaci.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Na fito da takalmin. Na fere sabon maɗauri daga fata mai laushi da nake ɓoyo, na ɗinka. Ɗinkin ya karkace. Na warware. Ni da nake ɗinki ido a rufe.

Mutum goma sha huɗu suka tsallaka kai a sunkuye yau kafin hantsi. Ɗaya har ya ci karo da sandar fitila ya ba ta haƙuri.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ta tambayi littafin. Na ce na manta shi a rumfa. Ta ce, "Ɗalibin da ke manta littafi ranar dubawa, akwai abin da bai yi ba." Na ce malamar da ke koyarwa a kwance fa?

Muna cikin haka 'yan ajinsu suka shigo su biyar, da fararen kayansu, suna ta surutun jarrabawa da wani malami mai sanƙo. Ta yi ta dariya da su. Ɗaya ta ce, "An ce babanki bai dawo da takarda ba, ki tuna masa fa." Ta ce zai dawo da ita. Da suka fita ta juya fuska bango. Ƙafar na rataye, ba ta iya juya jiki, wuya kaɗai ta juya.

Uwarta ta zauna bakin gado tana shafa mata kai. "Ki faɗa mana sunansa, ko wane ne. In mutumin kirki ne ai ba abin kunya ba ne. Ni zan tare miki Abbanki."

"Ban tuna ba, Umma."

"Ki ji tausayin kanki. Shekara biyu kina tashi da duhu saboda karatun nan."

"Na ce ban tuna ba."

Na fita baranda wai zan sha iska. A baranda ma duk waya ce, masu jinya da masu dubiya, kowa ya sunkuya. Ba wanda ya ga tsoho ya jingina da bango.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

An kawo abinci, na mayar. Surukata ta ce ko in je a auna ni. Na ce a auna masu titi.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Takardar na nan ƙarƙashin agogo. Gefenta ya leƙo. Duk wucewar da zan yi sai ta kalle ni. Saura kwana huɗu.

In gilashin bai zo ba fa? In ya zo bai yi daidai ba? Waya da ta sha irin wannan faɗuwa ai ba lallai ta tuna komai ba ita ma. Akawu zai huce. Uba ne. Ranar Alhamis zai ɗauko ya sa hannu da kansa, na san shi.

Ban san shi ba. Kansa irin nawa ne.

Talata, ƙarfe uku na rana

Injiniya ya jawo kujerarsa ya shigo inuwata, abin da bai taɓa yi ba. Na ce rabin da ka cinye bai ishe ka ba?

Ya ce, "Baba Tsoho, gilashin nan yana cikin durowata tun ran Asabar."

Na ci gaba da shafa gam.

"Sau uku Akawu na kirana ina yi masa ƙarya. Jiya na ce motar kaya ce ta lalace. Ni ma ina da 'ya'ya mata, Baba. Abin da ake faɗa a kan yarinyar nan a bakin famfo, da 'yata ce da ban iya barci ba."

Na ce to ni na aike su?

Ya ce, "Ina zaune a nan ranar. Tsakanina da kai taku uku ne. Na ga hannunka."

Na ce ka cinye mini inuwa, yanzu mutuncina ya rage ka haɗa? Na ce kai da ire-irenka ku kuka cika gari da wannan masifa, kuna gyara wa mutane abin da zai kashe su. Na faɗi maganganu da yawa. Ya bari na gama.

Ya ce, "Duk na ji. Jibi da rana zan kai masa wayar, a gyare. Ka riga ni, Baba. Daga bakinka da daga gilashi ba ɗaya ba ne."

Ya mayar da kujerarsa. Gam ɗin ya bushe a yatsana ban sani ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na gwada. Akawu na zaune a falo yana cire safa. Na zauna. Na ce, game da ranar Talatar nan. Ya ɗago. Na ce, da tudun nan biyu suna nan da motar ba ta zo da wannan gudu ba. Ya ce haka ne, Baba. Na ce kuma gadar ta yi nisa. Ya ce haka ne. Ya ɗauki takalmansa ya shige ciki.

Shekara saba'in da shida ban taɓa ce wa ɗan da na haifa na yi kuskure ba. Bakin bai san hanyar ba.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada. Na koma baya na cike farin shafin. Ga abin da na sa, na sake kwafe shi a nan don kar in ce ban rubuta ba.

Talata, sha biyu da rabi na rana. Bas ya sauke Malama a wancan hannu, kamar kowace Talata da suke tashi da wuri ta biyo ta rumfa. Tana tsaye tana jiran motoci su ragu, na hango ta tana duba waya. Raina ya ɓaci. Sau nawa na hana ta? Na ƙwala mata kira, ƙarar motoci ta haɗiye muryata. Na ce yau na kama ki. Na laluba aljihu na fito da tawa. Nufina in ce mata na gan ki, ɗaga kanki.

Kafin in gama lalube ta riga ta sauke wayar. Ta duba hagu, ta duba dama, ta shigo titi kai a sama, yadda na koya mata tun tana riƙe da yatsana. Wayar a hannu kawai take. Na gani. Na ga ta sauke. Amma faɗan ya riga ya zo mini wuya, ban so ya tafi a banza. Na danna ɗaya na riƙe.

Ta tsaya. Ba ta bari ta yi ƙara sau biyu ba.

Ta ce, "Ɗalibi, ga ni nan zu..."

Sau biyu na ji ƙarar bugun, a kunnena da kuma a titi.

Ba wani mai mota. Ba saurayi. Ni ne. Wayata ba ta ɓata ba, tana cikin gwangwanin ƙusa. Garin neman gira na kusa rasa ido, sannan na zauna ina ji ana cin naman yarinya ina gyaɗa kai.

Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na tare shi a bakin ƙofa da jakarsa a hannu. Na buɗe shafin na miƙa masa. Ya ce, "Baba, na makara." Na ce karanta.

A tsaye ya karanta. Rubutuna manya ne, bai kamata ya daɗe ba, amma ya daɗe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Uwar Malama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga fuskarsa, ta tsaya.

Ya ce, "Kwana goma sha shida, Baba."

Ya rufe littafin.

"Kwana goma sha shida ina kallon 'yata da idon da ban taɓa kallonta da shi ba. Kana zaune."

Da ya yi ihu da ya fi mini. Ya miƙo mini littafin da hannu biyu, yadda ya saba miƙo mini komai. Ya koma falo, ya ɗaga agogo, ya zaro takardar. A jikin bango ya dafa ta ya sa hannu. Ya wuce ni ya fita. Bai ce sai na dawo ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na ce wa Injiniya ya kai wayar in ya ga dama, ba sauran abin gani a ciki. Ya miƙo shayi. Na karɓa. Sukari ya yi yawa, na gaya masa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Takarda ta isa makaranta, uwarta ta kai da kanta. Gurbi na nan.

Na je gidan gwaggonta na gaya mata da bakina, a tsakar gida, maƙwabtanta na ji. Na ce mai motar da aka gaya miki, ga shi a gabanki, ko keke bai da shi. Yadda kika kai waccan magana bakin famfo, haka za ki kai wannan. Ta ce, "Haba Baba." Na ce ba haba.

Akawu ya gaishe ni da safe. Daga tsaye. Da yakan zauna.

Gobe Asabar. Ban san da wane ido zan shiga ɗaki na huɗu ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Bas ɗin asibiti a wancan hannu yake tsayawa. Na bi ta gada. Sittin da biyu ne har yanzu, ba su rage ko ɗaya ba.

Na same ta ita kaɗai, an ɗaga mata filo. Ban yi wasa ba, ita ma ba ta yi ba. Na ajiye littafin a cinyarta. Ta ce in miƙo mata jakarta, ta laluba ta fito da jan biro. Tun daga farko ta fara, shafi bayan shafi, ni ina kallon ƙafar da ke rataye. Wurin mata mai goyo ta yi 'yar dariya. Da ta zo shafin Talata ta daɗe ba ta juya ba.

Na ce, da gaske ba ki tuna ba?

Ta ce, "Tsoho, sunanka ne abu na ƙarshe da na gani. Da shi na farka."

Na ce to me ya hana ki faɗa? Karatunki fa?

"In ce wa Abba ubansa ne? A gaban Gwaggo?" Ta share ido da bayan hannu. "Da ba ka rubuta ba da ban faɗa ba har abada. Kuma da ban yafe maka ba har abada. Duka biyun."

Na ce yanzu fa?

Ta sunkuya ta yi rubutu a ƙasan shafin, ta rufe, ta ce sai na fita zan karanta. A baranda na buɗe. Ga shi da jan biro:

"Ya zo a makare, amma na karɓa. Rantsuwar bakin zaki na warware ta. Daga yau in ka kira ina kan hanya, sai na tsallaka. In ka yi fushi, ka rubuta."

Na koma ciki. Na kwance tsumman na fito da takalmin. Sai a karo na huɗu ɗinkin ya miƙe. Ta juya shi a hannu ta ce, "Na ƙafar da ta karye ka gyara? Likita ya ce sai nan da wata biyu, in an yi sa'a." Na ce ni ba gaggawa nake ba, masu kawo gyara ne kullum ke gaggawa.

Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ajiye shi ƙarƙashin gadon kusa da ɗan'uwansa. Na juya hancinsu suna kallon ƙofa.